DARASI: IN TAFKI YA YI KORE, KO ALIF ZAI GYARA SHI?

Manufar darasi

Wannan darasi domin ƙungiyoyin manoma ne, da masunta, da makiyaya, da mata masu ɗebo ruwa a ƙasar Yankwashi, Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa. A karanta shi a taro, sashi sashi. Mai karantawa ya riƙa tsayawa domin jama'a su faɗi abin da suka gani da idonsu. In an gama, muna so kowa ya iya amsa tambayoyi uku. Me ke sa ruwa ya yi kore? Yaya ake maganinsa da alif? Me ya kamata mu fara yi kafin mu kashe ko kwabo a kan magani?

1. Alamun ciwo

A ƙasarmu damina gajeriya ce, rani kuwa dogo. Saboda haka ruwan da ya kwanta a tafki, ko kududdufi, ko dam, dukiya ce babba. Da shi dabbobi ke rayuwa har ruwan sama ya sauko. Da shi ake noman rani, ake kama kifi, ake buga tubali.

Amma ku lura da tafkin da ke bakin gari daga watan Maris zuwa Mayu. Ruwan ya ja baya. Gansakuka ta rufe shi, wani lokaci har ya zama kamar an kwara masa koren fenti. Yana wari. Da asuba za ku ga karfasa sun taso sama suna buɗe baki. Wata rana a wayi gari a tarar da su a mace a bakin gaɓa.

Ga dalilin mutuwar kifin. Gansakuka tsiro ce. Da rana tana sakin iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa, watau oksijin. Da dare kuwa ita ma shaƙar iskar take yi. In ta yi yawa, kafin gari ya waye ta shanye ta. Wadda ta mutu kuma sai ta nutse ta ruɓe, ruɓewar ma cin iska take yi. Ga shi kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iska kamar ruwa mai sanyi. Shi ya sa ɓarnar ta fi yawa da bazara.

Akwai wani haɗari da ya fi wannan. Irin gansakukar nan mai kama da fenti wani lokaci tana da dafi mai lalata hanta. Tun shekarar 1878 wani masani mai suna George Francis ya rubuta labarin tumaki da shanu da dawakai da suka mutu bayan sun sha koren ruwa a wani tafki a Ostireliya. A 1996, a garin Karuwaru na ƙasar Barazil, marasa lafiya fiye da 50 suka rasu domin an yi musu wankin ƙoda da ruwa mai wannan dafi. A watan Agusta na 2014 aka hana mutane wajen 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo kusan kwana uku. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, gwamnatin ƙasar kuwa ta ce dafin koren ruwa ne sanadi. Ku riƙe wannan da kyau: tafasa ruwa ba ya kashe irin wannan dafi.

2. Ruwa ba ya tsami banza

Ku ɗauko buhun takin kamfa ku duba jikinsa. Za ku ga lambobi uku, misali 15-15-15. Ta fari ta naitirojin ce, mai sa ganye ya yi kore. Ta ƙarshe ta fotash ce. Ta tsakiya kuwa ta fosfaras ce, mai ƙarfafa saiwa da sa ƙwaya ta cika. Shi ne kuma babban abin da ke cikin takin sufa da muke sa wa gyaɗa. Ana samunsa a kashin shanu, da na kaji, da bayan gida na mutane, da fitsari, da toka, da ƙashi, da wasu irin garin sabulun wanki.

Ƙasar jigawa irin tamu tana da ƙarancin fosfaras ƙwarai. Gero da dawa da gyaɗa suna yunwarsa. Amma abin da ke ciyar da gero a gona, shi ne ke ciyar da gansakuka a ruwa.

An tabbatar da wannan da gwaji. A 1973 wani masani mai suna David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki biyu da labulen roba a ƙasar Kanada. Suka zuba wa kowane gefe abincin tsiro iri ɗaya, sai dai gefe guda suka ƙara masa fosfaras. Gefen da aka ƙara wa fosfaras ya zama kore shar. Ɗayan ya zauna kusan yadda yake. Hoton wannan tafki ya zaga duniya, ya kuma taimaka wajen sa ƙasashe da dama su rage fosfaras a sabulun wanki da ruwan ƙazanta.

Bari mu yi lissafi. A buhun 15-15-15 mai kilo 50 akwai tsantsar fosfaras kimanin kilo 3 da ɗan ɗori. Kilo 1 na fosfaras yana iya haifar da ɗanyar gansakuka har kilo 500. Watau abin da ke cikin buhu guda yana iya zama gansakuka fiye da kilo 1,500.

Ga wani lissafin. Masana suna cewa tafki ya ƙoshi fiye da kima in fosfaras ɗin da ke cikinsa ya wuce giram 35 a cikin lita miliyan 1. Tafki mai faɗin hekta 1, watau eka biyu da rabi, mai zurfin mita 1, yana ɗauke da lita miliyan 10. Ashe giram 350 kawai ya isa ya ɓata shi. Fosfaras ɗin buhu guda ya isa ya ƙosar da irin wannan tafki har guda tara. Ba sai an kwashe taki mota mota an zuba ba. Kaɗan kaɗan, damina bayan damina, ya isa.

3. Ta ina yake shiga?

Hanyoyin ba ɓoyayyu ba ne. A karanta su ɗaya ɗaya, jama'a su faɗi waɗanda suka shafi tafkinsu.

(a) Zaizayar ƙasa. Fosfaras yana manne wa ƙwayar ƙasa. In ruwan sama ya kwashi ƙasar gona, da takin yake tafiya. A wuraren duwatsu irin na Kazaure da Roni ruwa yana gangarowa da gudu. A rairayin Babura kuwa iska ma tana kwasa.

(b) Watsa taki a bisa ƙasa ba tare da an rufe shi ba, musamman in hadari ya haɗo.

(c) Noman rani har bakin ruwa, inda ruwan ban-ruwa ke komawa tafki da sauran taki.

(d) Dabbobi da ke shiga tsakiyar ruwa, su sha, su yi kashi da fitsari a ciki.

(e) Bayan gida a fili, da masai kusa da tafki, da kwatar gidaje.

(f) Juji da toka da ake tarawa a bakin kududdufi.

(g) Wanki da wanke babura da motoci a cikin ruwa.

4. Misali kusa da gida

Ba sai mun je Turai ba. A zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, tsohuwar Jihar Kano, wadda ƙasarmu ke cikinta har aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, ta shiga aikin gina madatsun ruwa. Aka gama Tiga a 1974. Daga baya aka samu Tomas wajen Dambatta, da Gari, da Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir. A Kazaure ma akwai dam na Muhammadu Ayuba.

Mu ɗauki Jakara, wanda aka gina a 1976. Kogin da ke cika shi yana ratsa birnin Kano. Yana ɗauke da ruwan kwatar unguwanni, da na kasuwa, da na mahauta. A hanya kuma rafin Getsi ya haɗe da shi da ruwan masana'antun Bompai. Ko da rani wannan ruwa bai daina gudu ba, gama birni ba ya daina wanka da wanki. Masu binciken jami'o'i sun sha auna ruwan wannan kogi da dam ɗinsa, suna kuwa samun ƙazanta mai yawa, har da ƙarafa masu guba. Duk da haka dubban mutane suna noman kayan miya da shi, suna kama kifi a ciki.

To, a ce yau a kawo alif tirela goma a zuba a Jakara. Ruwan zai washe. Amma gobe kogin zai kawo sabon kaya. Kafin a jima an koma gidan jiya, kuɗi kuwa sun tafi. Wannan shi ne babban abin da darasinmu ke koyarwa. Garuruwanmu ba su kai Kano ba, amma suna girma, kwatarsu kuma gangare take bi zuwa ruwa mafi kusa.

Sai dai kada mu ɗora wa fosfaras laifin kowace ciyawa. Kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru ta samu wuri ne musamman domin madatsun Tiga da Challawa sun sa ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara, laka kuma ta taru. Taki yana ƙara mata ƙarfi, amma alif ba zai kashe ta ba. A san ciwo kafin a nemi magani.

5. Laka rumbu ce

Wani zai ce, “To, in mun tare duk hanyoyin nan, ruwan zai gyaru nan da nan?” Ba kullum ba. Ga dalili.

Fosfaras ɗin da ya shiga tafki shekara da shekaru bai tafi ko'ina ba. Ruwa yana tashi sama da zafin rana, amma fosfaras ba ya tashi. Yana kwance cikin lakar gindin tafki. A cikin lakar akwai sinadarin ƙarfe, irin wanda ke sa ƙasa ta yi ja. Muddin akwai iska a ruwan, ƙarfen yana riƙe da fosfaras kam. Amma in iska ta ƙare a gindin ruwa, sai ya sake shi. Fosfaras ya taso, gansakuka ta ci ta yaɗu, ta mutu, ta ruɓe, ta cinye iska, laka ta ƙara sakin wani. Haka abin zai yi ta juyawa. Tafkin ya zama mai ciyar da kansa daga rumbunsa.

Domin a kulle ƙofar wannan rumbu ne aka fito da dabarar zuba magani.

6. Yadda alif ke aiki

Alif, wanda wasu ke kira alam, ba baƙo ba ne a gidajenmu. Mata suna kaɗa shi a randar ruwa mai laka domin ya kwanta. Da shi kuma manyan matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa a Kano ke fara tace ruwan famfo.

A cikin alif akwai alminiyam, irin farin ƙarfen nan da ake zuba tukwane da shi. In alif ya narke a ruwa sai ya zama wani farin abu mai laushi kamar ɓarɓashin auduga. Yana nutsewa a hankali. A kan hanyarsa yana kama laka da gansakuka da fosfaras, ya sauka da su. In ya kai ƙasa sai ya shimfiɗu a kan lakar kamar mayafi. Fosfaras ɗin da ya taso daga laka, mayafin ya kama shi. Bambancinsa da ƙarfe shi ne, alminiyam ba ya sakin abin da ya kama ko da iska ta ƙare.

An fara gwada wannan a wani tafki kusa da birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin a 1968. A 1970 aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka. Tun daga nan an yi wa tafkuna masu yawa. Ba daga bakin gaɓa ake watsawa ba. Ana narka alif, a ɗora a jirgin ruwa mai bututu, jirgin ya riƙa kai da komowa layi layi kamar mai huɗa, har ya game ko'ina.

Akwai wani maganin kuma mai suna Phoslock, wanda masanan Ostireliya suka haɗa da yumɓu da wani sinadari mai kama fosfaras. An zuba shi a tafkin wani babban lambu a Landan a 2012, kafin wasannin Olamfik. Ba ya sa ruwa tsami, amma ya fi alif tsada, daga waje kuma ake kawo shi.

7. Abubuwa biyar da za a sani kafin a taɓa alif

Na ɗaya, alif yana sa ruwa tsami. Masana suna auna tsamin ruwa da ma'auni mai lamba 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya. Alif yana aiki lafiya tsakanin 6 da 8. In ruwan ya sauka ƙasa da 6, alminiyam ya zama guba, ya toshe wa kifi hanyar numfashi, su mutu. Saboda haka ana fara gwaji a kwalabe, ana kuma haɗa shi da abin da ke kashe tsami in akwai bukata. Ana aunawa tun daga fara aiki har gamawa.

Na biyu, ana bukatarsa da yawa. Binciken da aka yi a tafkunan Amurka ya nuna cewa kilo 11 na alminiyam ne ke ɗaure kilo 1 na fosfaras a laka. Alminiyam kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin alif ba. Watau kilo 1 na fosfaras zai ci alif kimanin kilo 120, fiye da buhu biyu. Ku tuna akwai kilo 3 a buhun kamfa guda. In takin buhu ɗaya ya ɓace a ruwa, sai an sayi alif buhu bakwai kafin a kama shi. Manomi ya yi hasara sau biyu: gona ba ta ci ba, ga kuɗin magani.

Na uku, ba ya dawwama. A 2016 wani masani mai suna Brian Huser da abokansa suka tattara labarin tafkuna 114 da aka yi wa wannan magani. A tafkuna masu zurfi amfanin ya kai shekara 21 a tsakaici. A marasa zurfi kuwa bai kai shekara 6 ba. Dalili shi ne iska da igiyar ruwa da kifaye masu tonon laka suna yaga mayafin. Yanzu ku dubi namu. Yawancinsu ba su da zurfi. Akwai tarwaɗa. Shanu suna shiga har ciki. Kowace damina kuma sabuwar laka tana binne ta bara.

Na huɗu, alif ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa yana iya washewa garau, amma yana ɗauke da cutar amai da gudawa ko tsargiya. Bugu da ƙari, in ruwa ya washe rana za ta kai gindinsa, ciyayi masu saiwa su ƙaru. Katantanwar da ke yaɗa tsargiya kuwa cikin ciyayi take zama.

Na biyar, dam ba na mutum ɗaya ba ne. Manyan madatsu suna hannun gwamnatin jiha ko Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Ba wanda ke da ikon zuba magani a ciki da ra'ayin kansa. Ko a tafkin ƙauye ma, sai da yardar jama'a da shawarar masani.

Gargaɗi: kada kowa ya zuba maganin ciyawa, ko na ƙwari, ko shuɗin sinadarin jan ƙarfe a tafki wai don ya kashe gansakuka. Za ta mutu, amma dafinta zai fashe cikin ruwa, fosfaras ɗin kuma yana nan. Kifi zai mutu. Tumaki kuwa ba sa jure wa sinadarin jan ƙarfe.

8. Tafkin da ya warke ba tare da magani ba

A gefen birnin Siyatil na Amurka akwai wani babban tafki da ake kira Tafkin Washintan. Bayan 1950 ya soma yin kore domin ruwan ƙazantar garuruwan da ke kewaye da shi. Wani malamin jami'a, W. T. Edmondson, ya auna ruwan, ya bayyana wa jama'a abin da ke zuwa. Mutanen suka jefa ƙuri'a suka yarda su biya. Daga 1963 zuwa 1968 aka karkatar da bututun ƙazantar duka daga tafkin. Ba a zuba alif ba. Cikin 'yan shekaru ruwan ya washe.

Wannan tafki mai zurfi ne, koguna masu tsabta kuma suna wanke shi, shi ya sa ya warke da sauri. Wasu tafkunan sukan ɗauki shekara goma ko fiye saboda rumbun laka. A irin waɗannan ne alif ke da amfani na gaske. Amma ko'ina a duniya tsarin ɗaya ne: a toshe ƙofa tukuna, sa'an nan a share ɗaki.

9. Abin da za mu yi da hannunmu

Muna da wata sa'a da mutanen Suwidin da Kanada ba su da ita. Tafkunanmu da yawa suna ƙafewa, ko su ja baya sosai da rani. Su sai sun kulle rumbun a ƙarƙashin ruwa da kuɗi mai yawa. Mu kuwa muna iya shiga da fatanya da kwando da amalanke mu kwashe shi.

(1) Yashe laka. A watan Afrilu ko Mayu a yi gayya. A kwashe baƙar lakar sama, a baza ta a rana ta bushe sarai, a kai gona. Taki ne mai kyau ga ƙasar jigawa, yana kuma taimaka mata riƙe laima. Tafkin ma zai ƙara zurfi. Kada a haƙa har a huda yumɓun gindi, don kada ruwa ya riƙa tsiyayewa. Kada a jibge lakar a bakin gaɓa, gama ruwan farko zai maishe ta. Lakar da ruwan masana'antu ko na marina ko na masu gyaran batir ya taɓa, kada a kai ta gonar abinci, domin tana iya ɗauke da dalma da wasu ƙarafa masu guba.

(2) Kwashe kainuwa da sauran ciyayin ruwa tun suna ɗanyu. A zuba a ramin takin gargajiya nesa da ruwa. Duk kwandon da aka fitar, fosfaras ne aka fitar.

(3) Ɗaura wa tafki ɗamara. A bar fili aƙalla taki goma sha biyar kewaye da ruwa ba noma. A dasa jema ko gamba layi layi. Ciyawar za ta rage gudun ruwa, ƙasa ta kwanta a nan. Daga baya a yanka ta don zana da jinka.

(4) Tare ruwa tun daga gona. A yi huɗa a gicciye, kada ta bi gangare. A jera duwatsu inda kwazazzabo ke farawa.

(5) Binne taki. Masu bincike a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna amfanin sa taki kaɗan a gindin shuka: kamfa cikin murfin kwalbar lemo, kimanin giram 6, ga kowane ramin gero, a rufe da ƙasa. Taki kaɗan, amfani mai yawa, ruwa kuma ba ya kwashewa.

(6) Gyara mashaya. Kada a hana makiyayi ruwa, kada kuma a toshe burtali. A zauna da arɗo da sarkin ruwa da mai unguwa, a ware gefe guda, a shimfiɗa duwatsu ko a gina komi, domin dabbobi su sha daga baki ba tare da sun shiga tsakiya ba. Lafiyar shanunsa ce, zai fi kowa murna.

(7) Masai da juji su yi nisan aƙalla mita 30 daga ruwa. Toka da shara a kai gona.

(8) A ɗebo ruwa a yi wanki a tudu, a zubar da kumfa a rami.

In an yi waɗannan damina biyu ko uku, ruwan kuwa mai zurfi ne wanda ba ya ƙafewa, har yanzu kuma yana yin kore, to, lokacin maganar alif ya yi. Ƙungiya ta je wurin malamin gona da sashen ruwa na ƙaramar hukuma, a nemi masana daga makaranta irin Jami'ar Bayero ta Kano su auna ruwan da lakar. Su ne za su faɗi ko ya dace, da yawan da za a sa. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ruwa ya daina shigowa, kafin gansakuka ta yi kauri, a ranar da ba iska.

10. Gwaji biyu da za a yi a taro

Gwajin kwalba. A cika kwalabe biyu da ruwan tafki. A jefa ɗan alif kamar ƙwayar dawa a ɗaya, a girgiza, a ajiye. Bayan sa'a guda kowa ya duba. Sa'an nan a ƙara wa wadda ta washe cokali biyu na ruwan kwata. A tambayi jama'a: me ya faru da aikin alif? Kada kowa ya sha ruwan.

Gwajin faifai. A samu farin murfin kwano, a ɗaura masa igiya da ɗan dutse a ƙarƙashi. A riƙa sake shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar da ta jiƙe. A rubuta a littafi ranar farko ta kowane wata. Ga mai kiwon karfasa ɗan kore abinci ne. In murfin ya ɓace tsakanin santimita 30 da 45, watau kimanin kamu ɗaya, ruwan ya yi daidai. In ya ɓace kafin santimita 20, kore ya yi yawa, a daina zuba taki. In kuma ruwa ya yi kamar fenti yana wari, a hana yara wanka, a janye dabbobi, kada a ci kifin da aka tsinta a mace.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace lamba ce ta fosfaras a jikin buhun taki? Me yake yi wa gero, me kuma yake yi wa tafki?
2. Me ya sa kifi ke mutuwa da asuba, ba da tsakar rana ba?
3. Cikin hanyoyi bakwai da aka lissafa, waɗanne biyu ne suka fi ɓata tafkinku?
4. Me ya sa alif ba ya daɗewa a tafki marar zurfi?
5. Yaushe aka yashe tafkinku na ƙarshe? Ina aka kai lakar?
6. Su wane ne ya kamata su zauna kafin a gyara mashaya?

Aikin wannan wata

Ku zaɓi mutum biyar, a cikinsu a samu mace da makiyayi da masunci. Su zaga tafkin da ƙafa, su zana taswirarsa a takarda, su sa alama duk inda ƙazanta ke shiga. A kawo taswirar taro mai zuwa, a sa ranar gayya kafin ruwan farko ya sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu damina mai albarka.